Injiniya Ɗaya, Alhazai Biyu: Yaushe Karɓar Kuɗi Sau Biyu Kan Aiki Ɗaya Ke Zama Ha'inci?

A ɗauka wasu 'yan kasuwa biyu ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, dukansu kayan gwari suke saukewa daga Arewa, kuma dukansu sun gaji da kallon kwandunan tumatir suna zubar da ruwa a gabansu duk ranar da motoci suka iso a tare, kasuwa ta cushe. Kowanne, ba tare da sanin ɗan'uwansa ba, ya ƙudura gina ɗakin sanyi. Na farko ya riga zuwa wurin wani injiniya ɗan Arewa mai ofis a Ikeja. Injiniya ya zauna ya lissafa yawan zafin da kayan za su shigo da shi, da kaurin bangon da zai riƙe sanyi, da girman injin sanyaya, da ƙarfin janareto da solar da za su ɗauke shi, da irin fandishon da ginin yake buƙata. Aka biya shi, mu ce naira miliyan 4. Bayan wata uku sai ga na biyu da buƙata iri ɗaya sak. Injiniya ya buɗe kwamfuta, ya ɗauko zanen farko, ya goge sunan wancan Alhajin a kusurwar ƙasan takarda ya sa na wannan, ya sauya kwanan wata, ya buga hatimi, ya ce miliyan 4.

Idan aka jefa wannan magana a majalisar 'yan Arewa a Agege ko Idi-Araba bayan sallar isha'i, nan take za a rabu gida biyu. Wasu za su ce wannan zamba cikin aminci ce, ya ci tudu biyu, kuɗin na biyun haramun ne. Wasu kuma za su ce iliminsa ne, shekara biyar ya yi a jami'a yana neman sa, in ya ga dama ya sayar wa mutum ɗari. A ganina duka ɓangarorin sun yi gaggawar yanke hukunci, domin ba su tsaya sun tambayi abin da aka saya ba. Mai zuwa wurin injiniya yakan ɗauka abu ɗaya yake saye, alhali a cikin kuɗin nan akwai lokacin injiniyan, akwai zanen kansa, akwai kuma amanar da aka ba shi. Kowanne da hukuncinsa.

Na lokaci shi ne mafi sauƙin warwarewa, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da gama magana a kansa. Sun raba ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai wanda aka ɗauka na wani lokaci ƙayyadadde, wanda suke kira ajirun khass: yininsa ko watansa na wanda ya ɗauke shi ne, ba shi da ikon ya yi wa wani aiki a cikinsa sai da izini. Akwai kuma ajirun mushtarak, wanda aka yi jinga da shi kan aiki, kamar tela ko marini ko maƙeri, yana karɓar aikin mutane da yawa a lokaci guda, kuma ba ruwan kowa da yadda ya raba yininsa muddin ya cika alkawari. Injiniya yana iya zama ko wanne daga cikin biyun, abin da aka ƙulla da shi ne ke nunawa.

Idan yarjejeniya ta ce za a biya shi ne bisa awanni ko kwanakin da ya yi, to awa ɗaya sau ɗaya ake sayar da ita. Ga yadda abin yake faruwa a Legas. Injiniya yana kula da aikin mutum biyu a yankin Ibeju-Lekki, filayen ba su da nisa da juna. Ya fito daga Ikeja da asuba, ya sha cunkoso a Ajah, ya duba wannan, ya leƙa wancan, ya dawo gida bayan magariba. Tafiya ɗaya ce, mai ɗaya ya sha, yini ɗaya ya ƙare. Amma ƙarshen wata sai kowane Alhaji ya ga an rubuta masa cikakken yini da cikakken kuɗin mai. Wannan ba ya buƙatar dogon nazari. An karɓi kuɗin yini biyu a kan yini ɗaya, kuma abin da ya dace shi ne a raba tafiyar tsakaninsu, kowa ya biya lokacin da aka yi a filinsa. Lauyoyin Amurka sun fuskanci irin wannan, har ƙungiyarsu ta ƙasa ta fitar da matsaya a 1993 cewa lauyan da ya yi awa huɗu yana wa mutum uku aiki bai cancanci kuɗin awa 12 ba, kuma wanda ya sake amfani da tsohon aikinsa bai sake cancantar awannin da aka riga aka biya shi ba. Mu kuwa Suratul Muɗaffifina ta ishe mu: wanda idan zai karɓa yake cika mudu, idan zai bayar ya tauye.

Inda maganar ta fi wuya shi ne aikin jinga, kuma mafi yawan ayyukan da 'yan kasuwarmu ke bayarwa a Legas jinga ce. Alhaji bai ce zai biya awanni ba. Ya ce a yi masa zanen ɗakin sanyi mai ɗaukar kaza, aka yi ciniki, aka sallama, ya ba da kafin alƙalami. A nan abin da ya saya shi ne zane mai aiki, wanda in aka bi shi ginin zai tsaya, tumatir ba zai lalace ba. Ko injiniyan wata guda ya yi a kai ko kwana biyu, amfanin da Alhaji zai samu bai ragu ba. Telan da ya ƙware a ɗinkin babbar riga har yana gamawa a rabin lokacin da wani zai ɗauka, ba a rage masa kuɗi don hannunsa ya faɗa. Haka injiniya. Duk wanda ya shekara goma yana wannan aiki yana da tarin lissafi da zane-zanen da ya gwada ya ga sun yi, kuma su ne jarinsa. Da za a ce kowane aiki sai ya fara daga babu, da aikin ya ƙara tsada, kuskure kuma ya ƙara yawa, domin zanen da aka gina aka gani ya fi sabon da ba a gwada ba aminci.

Saboda haka sake amfani da tsohon aiki, a kan kansa, ba laifi ba ne. Amma da sharuɗɗa, kuma a wajen sharuɗɗan ne mutane da yawa suke zamewa.

Sharaɗin farko, kada a yi ƙarya a wurin ciniki. Idan injiniya ya dubi Alhaji na biyu ya ce, “Wannan aiki sai na zauna na yi shi daga tushe, zai ci mini wata guda, shi ya sa kuɗin ya kai haka,” alhali zanen yana kwance a kwamfutarsa, to ya gina farashin a kan ƙarya. Alhajin ya yarda da miliyan 4 ne saboda wata gudan da aka ambata masa. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne, lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ba a hana mutumin sayar da abincinsa ba. Ɓoyewar aka hana. Ita ma sana'ar ta san da wannan: ma'aunin kuɗin aikin ƙwararru a harkar gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a 1996 ya tanadi rangwame idan aikin maimaici ne, kamar rukunin gidaje iri ɗaya, inda ake biyan na farko cikakke, sauran kuma a biya wani kaso. Wannan tanadi an yi shi ne don mai aiki ɗaya, amma hikimar da ke cikinsa a fili take: maimaici ba ya cin wahalar da na farko ya ci, kuma masu sana'ar da kansu sun amince da haka.

Sharaɗi na biyu, zanen ya zama nasa ne har yanzu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun biya kuɗin zane ya zama mallakarsu ɗungurungum. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ba haka ta fara ba: asali haƙƙin yana hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, sai in yarjejeniya ta ce wani abu daban. Haka ma samfurin yarjejeniyar da ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, ta tsara tsakanin injiniya da mai aiki: injiniya yana riƙe da haƙƙin zanensa, mai aiki kuma yana da izinin amfani da shi a kan wannan aikin da aka yi dominsa. Ta fuskar shari'a ma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa dukiya ce mai daraja, ana iya sayar da ita, kuma bai halatta a yi mata ta'adi ba. Abin da wannan yake nufi ga misalinmu shi ne, idan Alhaji na farko izinin gini kawai ya saya, injiniya yana da damar ba wani irin wannan izinin. Idan kuwa sun rubuta cewa zanen ya zama na Alhaji shi kaɗai, ko cewa ba za a yi wa wani ɗan kasuwar gwari irinsa ba har zuwa wani lokaci, kuma ya biya a kan haka, to injiniyan ya sayar da abin da ya riga ya fita daga hannunsa. Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Sharaɗi na uku, wato zanen ya dace da ƙasar filin da za a yi ginin, shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali, domin a nan ba kuɗi kaɗai ke cikin haɗari ba. A Legas da wuya a sami filaye biyu da za a ce ƙasarsu ɗaya ce. Wanda ya haƙa fandisho a Agege ko Ikeja zai tarar da jar ƙasa mai tauri. Wanda ya haƙa a Lekki ko Ajah ko Victoria Island zai tarar da yashin da aka cike fadama da shi, ƙarƙashinsa laka mai laushi da ruɓaɓɓen ciyayi, ruwa kuma yana tasowa tun kafin rami ya yi zurfi. A irin wuraren nan sau da yawa sai an kafa turakun kankare masu zurfi har su taɓa ƙasa mai ƙarfi, ko a shimfiɗa faffaɗan fandisho guda ƙarƙashin ginin gaba ɗaya. Ko a kewayen Mile 12 ɗin kanta, unguwanni irin su Agiliti sun saba da ambaliya idan Kogin Ogun ya cika, musamman in an saki ruwan madatsar Oyan. To idan filin Alhaji na farko a Agege yake, na biyu kuma a bakin fadama, lissafin injin sanyaya zai iya zama ɗaya, amma fandisho da tsayin daɓe da hanyar ruwa ba za su taɓa zama ɗaya ba. Injiniyan da ya sauya suna kawai ya miƙa, ya karɓi kuɗin aikin da bai yi ba, kuma aikin da bai yi ɗin shi ne wanda rayukan mutane suka rataya a kai.

Mafi muni a wannan babi shi ne rahoton gwajin ƙasa. Aikin gaskiya yana buƙatar a kawo injin haƙa filin, a yi rami mai zurfi, a ɗebi ƙasa mataki-mataki, a kai ɗakin gwaji. Aikin ƙarya kuwa bango kawai ake sauyawa. Mai lura, in ya buɗe shafukan ciki inda aka jera abin da aka samu a kowane zurfi, wani lokaci zai ga sunan wata unguwa daban a saman jadawalin, ko kwanan watan da ya riga sayen filin nasa. Duk wanda aka miƙa wa irin wannan rahoto ya tambayi mai gadin filin ko ya taɓa ganin an shigo da injin haƙa. Amsar mai gadi ta fi hatimin da ke bangon gaskiya.

Hatimi da sa hannun injiniya shaida ce cewa shi ya duba, kuma ya ɗauki alhaki. Don haka aka kafa hukumar COREN tun 1970, don ta yi rajistar injiniyoyi ta kuma hukunta wanda ya saɓa ƙa'ida, kuma don haka hukumomin Jihar Legas masu ba da izinin gini da kula da shi, irin su LASBCA, suke neman takardun da injiniya mai rajista ya sa wa hannu. Mazauna Legas ba su manta ranar 1 ga Nuwamban 2021 ba, da bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu. Dalilan wannan musiba daban ne da abin da muke tattaunawa, amma akwai abu ɗaya a cikinta da ya shafe mu. Bayan ruftawar, jaridu sun buga wasiƙar wani kamfanin injiniyoyi da ya janye hannunsa daga aikin tun Fabrairun 2020, yana bayyana iyakar inda ya kula da ginin, da cewa ba ya ɗaukar alhakin abin da ya wuce nan. Ma'anar sa hannu ke nan: mutum ya tsaya a kan abin da idonsa ya gani, ya ƙi lamuntar abin da bai gani ba.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu zai tsaya ko da mutanen biyu ba su san juna ba, ɗaya a Legas ɗaya a Fatakwal. Kasancewarsu abokan hamayya a kasuwa ɗaya ya ƙaro wani nauyi, wato amana.

Lokacin da Alhaji na farko ya zauna da injiniya, ba kuɗi kaɗai ya ajiye a tebur ba. Ya faɗa masa mota nawa yake saukewa a mako, a wane wata kaya suke yawa, nawa yake asara, waɗanne otal-otal da manyan kantuna yake son ya riƙa kai wa kaya, da wanda zai ba shi bashin kuɗin gini. Ƙila ma shi ya kawo dabarar da ta fi komai amfani a zanen. Shi ya san cewa tumatirin da ya kwana biyu a hanya daga Kano ko Kaduna yana isowa da zafi a cikin kwando, don haka ya nemi a yi wani ɗan ɗaki a gaba inda kayan za su huce kafin a shigar da su cikin sanyi sosai, kuma a ɗaga wurin sauke kaya daidai da tsayin bayan tirela don kada 'yan dako su riƙa jifa da kwanduna. Wannan ba a jami'a aka koya wa injiniyan ba. Shekarun da Alhaji ya yi a bakin kasuwa ne suka haifar da shi. In injiniya ya ɗauki wannan ya miƙa wa wanda ke rumfar da ke kallon ta Alhaji, ya ci amana, ko da kyauta ya ba shi. Ilimin lissafin sanyi nasa ne, ya kai shi duk inda ya so. Bayanan kasuwancin mutum da dabarun da mutum ya zo da su ajiya ce a hannunsa.

Na san raba waɗannan biyun ba kullum yake da sauƙi ba. Abin da mutum ya gani ya riga ya shiga kansa, ba zai iya cire shi ba, kuma bayan shekaru dabarar da ta yaɗu a kasuwa ta zama ta kowa. Amma wata uku ba shekaru ba ne, kuma injiniya ya san a ransa wane layi a zanen ne ya fito daga kansa, wanne ne ya fito daga bakin Alhaji.

Akwai kuma yanayin da ya fi wannan tsanani, shi ne takarar neman kwangila. Gwamnati ta tallata aikin magudanar ruwa ko kwalbati, 'yan kwangila biyu suna nema, kuma kowanne ya ɗauki injiniya ɗaya ya tsara masa yadda zai yi aikin da farashin da zai saka. Yanzu mutum ɗaya ya san lambobin da kowannensu yake ɓoye wa ɗan'uwansa. Ko bai yi niyyar cuta ba, yana iya sa ɗaya ya yi ƙasa da ɗaya da 'yan kuɗi kaɗan, kuma babu wanda zai iya tabbatar da cewa bai yi ba. In kuma da gangan aka shirya ɗaya ya saka farashi mai tsada don ɗayan ya ci, wannan haɗin baki ne da Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta haramta a matakin tarayya, Jihar Legas ma ta kafa tata dokar a 2011, sannan dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta sake hana shi. A fiƙihu ma ɗan'uwan najashi ne, wato taya kaya ba don a saya ba sai don a ruɗi wani. Ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin Amurka, NSPE, ta ce injiniya ba zai karɓi lada daga fiye da ɓangare ɗaya kan aiki ɗaya ba sai an bayyana komai kuma duk masu ruwa da tsaki sun amince. Ni a wajen tsara farashin takara, ina ganin ko bayyanawar ba ta wadatar ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya riga zuwa shi ne mai aiki, na biyu a ba shi haƙuri a nuna masa wani injiniyan.

Sai dai kada a haɗa wannan da abin da aka saba kuma kowa ya sani. Kamfanin da ke kafa turakun fandisho, ko mai sayar da taransifoma, yakan ba duk masu takara farashinsa iri ɗaya, kowa ya saka a lissafinsa. Wannan bai shiga sirrin kowa ba, kuma ba wanda ya ɗauka nasa ne shi kaɗai. Haka idan 'yan kasuwa biyu masu filaye maƙwabta suka haɗa kuɗi aka yi musu awon fili ko nazarin hanyar ruwa guda ɗaya suka raba kuɗin, alheri ne ga kowa. Ma'aikacin gwamnati kuwa da zai zana wa mai neman izini da daddare, da safe ya zauna a ofis ya amince da zanen, maganarsa ta wuce ta ladabin sana'a, domin ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulkin 1999 ta hana jami'i jefa kansa inda son ransa zai ci karo da aikinsa.

To me ya kamata injiniyan misalinmu ya yi ranar da Alhaji na biyu ya shigo? Ya faɗa masa tun kafin ya karɓi ko kwabo.

“Alhaji, kafin mu yi nisa, ina da wani aiki irin wannan da na yi wa wani ɗan kasuwa a harkarku. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan nuna maka nasa ba, kamar yadda ba zan nuna wa kowa naka ba. Lissafin sanyi ina da shi a hannu, don haka zan rage maka a wannan ɓangaren. Amma fandisho da gwajin ƙasa sai an yi naka daban, kuma nan ba ragi.”

Alhaji yana iya cewa, “Ba komai, Injiniya, ai gara wanda ya taɓa yi.” Yana iya kuma cewa zai yi shawara, ya tafi bai dawo ba. Wannan ne abin da injiniyoyi ke tsoro, kuma ba zan ce tsoron banza ba ne, a garin da kuɗin hayar ofis da na man janareto ba sa jiran kowa. Amma zaɓin nan haƙƙin Alhaji ne, kuma yin shiru ƙwace masa shi ne. Shi ma na farkon yana da haƙƙin a sanar da shi, musamman in aikinsa bai ƙare ba, domin mutumin da ke shiga filinsa kullum yanzu yana shiga na abokin hamayyarsa. Bayyanawa bayan an gama aiki, ko bayan asiri ya tonu, ba ta da wannan daraja, don a lokacin ba sauran zaɓi.

Ba zan ɗora wa injiniyoyi laifin duka ba. 'Yan kasuwarmu suna da nasu kason. Mutum zai kashe miliyoyi a kan siminti da rodi bai yi ƙorafi ba, amma kuɗin zane sai ya taya shi kamar yana sayen albasa, ya ce ai takarda ce kawai. Idan aka matse kuɗin har ya kasa biyan injin haƙa da ɗakin gwaji, to an tura mai raunin imani ya ɗauko tsohon rahoto. Araha ba ta ado. Ga kuma ƙin rubutu: “Haba Injiniya, ai mu 'yan gida ne, sai mun yi takarda?” A baƙon gari irin Legas wannan zumunci yana da daɗi, kuma shi ke riƙe da mutane da yawa, amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma tsakanin muminai. Shafi ɗaya ya isa: jinga ce ko biyan lokaci, zanen na wa ne bayan an biya, an yarda injiniya ya yi wa wani ɗan kasuwar irinsa ko ba a yarda ba, har zuwa yaushe, kuma waɗanne bayanai ne sirri. Wanda yake son zanen ya zama nasa shi kaɗai ya sani cewa yana hana injiniya wani cinikin ne, don haka ya biya fiye da wanda bai nemi hakan ba.

Matasanmu masu rubuta manhaja a Yaba da sauran wurare, wannan magana ta shafe su kai tsaye. Wanda ya gina wa wani kamfanin jigilar kaya manhajar bin sawun motoci, sannan abokin hamayyarsa ya zo, yana iya sake amfani da ginshiƙan da ya saba aiki da su a ko'ina, in yarjejeniyarsa ba ta miƙa su ga na farko ba. Jerin kwastomomi da tsarin farashi da duk abin da aka gina musamman don na farkon ba nasa ba ne. Wanda kuma yake karɓar albashin cikakken lokaci daga kamfanoni biyu a ɓoye, yana aiki daga gida, ya koma babin farko: yini ɗaya ya sayar sau biyu.

Wanda ya riga ya afka, gyara yana yiwuwa, sai dai yana da ɗaci. Kuɗin lokacin da aka karɓa sau biyu a mayar wa masu shi. Idan an kwafi fandisho ko rahoton ƙasa ba tare da an duba filin ba, a dakatar da aikin a yi gwajin gaskiya da kuɗin injiniyan, ko da an riga an zuba kankare, kuma a sanar da mai ginin dalili. Idan sirrin wani ne ya fita, shi ba ya dawowa, sai dai a je a faɗa masa a nemi sulhu a kan diyyar da zai yarda da ita. Ɗan kasuwar da aka cuta kuma aka ƙi sauraronsa yana iya kai ƙara COREN, wadda ke da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa mai ikon dakatar da injiniya ko soke rajistarsa, ya tafi da yarjejeniyarsa da rasit da kwafin zanen mai ɗauke da hatimi da lambar rajista. In batun lafiyar gini ne, kada ya jira wannan ya kammala, ya sanar da LASBCA tun mutane ba su shiga ciki ba.